Wa Ke Yanke Inda Layi Zai Tsaya?

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau muna tare da Malam Bashir da Usman, za mu tattauna yadda kwamfuta ke jera rubutu a shafi. Malam, bisimilla.

Malam Bashir: To, a 1977 madaba'a ta aiko wa Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka samfurin sabon bugun littafinsa. Da ya duba, tsarin bai kwanta masa ba ko kaɗan. Sai ya zage damtse ya rubuta TeX, wato manhajar jera rubutu a shafi, ya fitar da shi a 1978.

Usman: Malam, me ya bambanta shi da Word?

Malam Bashir: A wurin TeX kowane harafi akwati ne mai faɗi da tsayi. Tsakanin kalmomi kuma akwai danƙo, wato tazarar da ke miƙewa ko ta tsuke. Yawancin manhajoji cika layi suke yi su wuce na gaba, babu waiwaye. TeX kuwa sai ya ɗauki sakin layin dungurungum, ya gwada wuraren yankewa, ya auna yadda danƙon kowane layi ya miƙe, sannan ya zaɓi jerin da ya fi daidaita. Knuth da ɗalibinsa Michael Plass suka wallafa dabarar a 1981.

Hadiza: Ke nan kalmar ƙarshe tana iya sauya layin farko?

Malam Bashir: Ƙwarai kuwa. Shi ya sa ba kasafai kike ganin wawakeken giɓi tsakanin kalmomi ba.

Usman: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne LaTeX, tsarin nan da aka gina a kan TeX. Ka sa jadawali a nan, ka tarar da shi a shafi na gaba.

Malam Bashir: Da gangan Leslie Lamport, wanda ya ƙirƙiro LaTeX, ya tsara hakan. In jadawalin bai samu gurbi ba, sai rubutu ya cike wurin, shi kuma ya matsa gaba. In ba haka ba, rabin shafi zai zauna fayau.

Hadiza: Sai dai ka daina rubuta "jadawalin da ke ƙasa", Usman. Ba shi lakabi, LaTeX zai sa lambarsa duk inda ya sauka.

Usman: To ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu fa?

Malam Bashir: Yi aiki da XeTeX ko LuaTeX, wato wasu nau'o'in TeX, suna karɓar Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, kai tsaye. Amma ka fara tabbatar salon haruffan da ka zaɓa yana da su, in babu, "ƙasa" za ta iya fitowa "asa".