Daga Montgomery Zuwa Tudun Wada: Lauyan da Ya Tsaya wa Talaka

Assalamu alaikum mutanen Kaduna, garin gwamna. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin titi nake.

Yau ina Montgomery, a jihar Alabama ta Amurka. Titin nan da kuke gani a bayana, a da nan ake tsare bayi kafin a kai su kasuwa. Yanzu kuwa a kansa ofishin wani lauya baƙar fata yake, Bryan Stevenson, wanda ya kafa ƙungiyar Equal Justice Initiative a 1989. Ya yi karatu a Harvard, da kuɗi yake nema da tuni ya tara. Sai ya zo nan yana kare waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, ba su da ko sisin biyan lauya.

Shari'ar da ta fi taɓa ni ita ce ta Walter McMillian. An ce ya kashe wata yarinya a garin Monroeville. Mutane da dama suka ce a lokacin yana gida tare da su ana suyar kifi, ba a saurare su ba. Kwana ɗaya da rabi aka yi ana shari'ar. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ɗaurin rai da rai, alƙali ya ce a'a, kisa. Stevenson ya bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, har babban mai shaida ya amsa cewa ƙarya ya yi. Sai 1993 aka sako shi, bayan shekara shida.

Wallahi ina tsaye a nan, ɗan ƙanwar mahaifiyata na Tudun Wada nake tunawa. Kan zargin satar waya aka kama shi, ya shekara biyu yana jiran shari'a, kullum a ɗage. Inna ta sayar da keken ɗinkinta. Wata matashiyar lauya ce ta ɗauki shari'ar kyauta, zama uku aka sallame shi. A unguwa har cewa aka yi tana kare ɓarayi, alhali ko shaida ɗaya ba a kawo ba.

Don Allah, duk mai ɗan'uwa a tsare ba lauya, ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, tun 1976 take, talaka ba ya biya. Ku je da lambar ƙarar da sunan kotun.

Bari in tsallaka in nuna muku ƙofar ofishin.