Idan an haɗa kati biyu na ƙwayar tazarar haihuwa, ina jinin yake zuwa?

[Hannu riƙe da katin ƙwaya a gaban saidaliyya, wato kantin magani]

Assalamu alaikum hajiyoyinmu na Makka da Jidda da Madina. Tun da azumi ya matso, saƙon murya ɗaya ke ta yawo a WhatsApp: wai duk wadda ta sha ƙwaya ta tsallake al'ada don ta samu Umara ko goman ƙarshe a Harami, jinin taruwa yake a mahaifa har ya dunƙule. Ba haka ba ne, kuma abin na damuna, don tsoron nan yana sa mata su yanke magani a tsakiyar kati.

[Zanen mahaifa]

Ga mace wadda ba ta shan komai. Ƙwai ya fita, mahaifa ta yi shimfiɗa mai kauri tana jiran ciki. Ciki bai shiga ba, shimfiɗar ta zube. Al'ada kenan.

Yanzu ga katin. Irin su Microgynon 30 da Yasmin ƙwaya 21 ne, kowace ɗauke da sinadarai biyu, istrojin da furojestin, sannan a huta kwana 7. Mai ƙwaya 28 kuwa, galibi bakwai ɗin ƙarshe babu magani a cikinsu.

Hajiya, a nan nake so ki natsu. Muddin kina shan masu maganin, ƙwai ba ya fita, shimfiɗar kuma ba ta yin kauri, siririya take zama. Jinin da kike gani a makon hutu yana zuwa ne saboda an janye maganin, shi ya sa yake farawa kwana biyu ko uku bayan ƙwayar ƙarshe, ya zo kaɗan, ciwon mara ma ya ragu. Idan kika ɗora sabon kati ba hutu, babu janyewa, babu jinin makon hutu sai dai ɗigo wani lokaci, kuma babu abin da zai taru tunda ba a gina shi ba. Randar da ba a zuba wa ruwa ba ai ba ta ambaliya.

[Tsohon hoton katin ƙwaya]

To me ya kawo hutun? Waɗanda suka samar da ƙwayar da aka amince da ita a Amurka a 1960, Gregory Pincus da John Rock, sun tsara shi ne ya yi kama da watan da mata suka saba. A 2019 ƙwararrun likitocin lafiyar haihuwa na Birtaniya suka bayyana cewa hutun kwana bakwai ba ya ƙara wa lafiya komai.

[Kalanda, ana zagaye ranaku]

Inda ake yin kuskure shi ne lokacin farawa. Wata sai saura mako ta ɗaura harama za ta fara sha, alhali a wata ukun farko ne aka fi ganin ɗigon jini. Ki fara tun saura wata biyu zuwa uku, bayan kin ga likita. Ki riƙa sha a lokaci guda kullum. Da azumi ki ɗaura shi da buɗa-baki ko sahur, ki tsaya a kan ɗaya. Mantuwa, amai cikin awa biyu zuwa uku da sha, gudawa mai tsanani, rifampicin na tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya kamar carbamazepine, duk suna kawo ɗigo, suna kuma rage kariya daga ɗaukar ciki. Idan kuma masu maganin launi-launi ne a katinki, kada ki haɗa sai kin tambaya, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Primolut N, maganin jinkirta al'ada da ake ta miƙa wa juna a masauki kamar dabino, daban yake. Ana fara shi kwana uku kafin ranar al'ada, miligiram 5 sau uku a rana, jini ya dawo kwana biyu zuwa uku bayan an daina. Kada ki dogara da shi wajen hana ɗaukar ciki. Ƙwayar masu shayarwa mai furojestin kaɗai kuwa ba ta riƙe al'ada yadda kike so, jininta ba shi da rana.

Hukuncin ɗigon nan a salla da ɗawafi na malamai ne. Ki je musu da bayanin launinsa da yawan kwanakinsa.

[Rubutu ja a allo]

Mai hawan jini, mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, mai shan taba ko shisha da ta kai shekara 35, da mai jegon da ba ta cika mako shida ba: ƙwaya mai istrojin ba taku ba ce. Zafin Makka da dogon zama a jirgi ko bas suna ƙara haɗarin daskarewar jini, don haka ki sha ruwa sosai, ki riƙa motsa ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ki ajiye ƙwayar ki kira 997, lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar a Saudiyya.