Karolina ta Kudu: jihar da ta fara harbi a yaƙin basasar Amurka

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abubuwa huɗu za mu duba yau game da jiha guda, Karolina ta Kudu, a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865: dalilin ɓallewarta, harbin farko, abin da bayinta suka yi, da yadda ta ƙare mata. In lokaci ya bar mu.

Na farko. A ƙidayar 1860 mutanen jihar kusan 703,000 ne, bayi a cikinsu kusan 402,000. Wato a mutum goma, kusan shida dukiyar wani ne. Su ke noman shinkafa a fadamun bakin teku, su ke tsinkar auduga a tudu. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a Nuwamban 1860, alhali jam'iyyarsa ta ce bauta ba za ta shiga sabbin yankunan yamma ba, manyan jihar suka taru a birnin Charleston na bakin teku ranar 20 ga Disamba suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga tarayya: 169, babu ko mutum ɗaya da ya ce a'a. Za ku ji ana cewa 'yancin jihohi suka yi wa yaƙi. To, takardar dalilan da suka fitar bayan kwana huɗu tana nan, kuma babban kukansu a ciki shi ne jihohin arewa sun ƙi maido musu bayin da suka gudu. Wani lauyan Charleston, James Petigru, an ce da ya ji labari ya ce jihar ta yi ƙanƙanta a ce mata ƙasa, ta kuma yi girma a ce mata gidan mahaukata. Ku yi dariyarku, shi da gaske yake.

Na biyu, Sumter. Nan ku yi mini haƙuri, zan daɗe. Ganuwa ce ta bulo mai kusurwa biyar, a kan tsibirin da aka cike da duwatsu a bakin mashigar Charleston. An tsara ta ga soja 650 da igwa 135, amma ba a ma gama ginin ba. Manjo Robert Anderson, kwamandan sojan tarayya, ya lallaɓa cikinta da dare ranar 26 ga Disamba da mutum kamar 85. Tamanin da biyar, a gurbin ɗari shida da hamsin! Shi kansa ɗan Kentucky ne, ya taɓa mallakar bayi, amma ya tsaya kan rantsuwarsa. Wanda aka ba aikin fitar da shi, Janar Beauregard, ɗalibinsa ne a makarantar soja ta West Point, kuma harbin igwa ya koya masa. Malamai da ke nan, ku riƙa lura da abin da kuke koyarwa.

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin 12 ga Afrilu 1861 aka fara ruwan wuta. Anderson bai mayar ba sai wajen bakwai. Me ya sa? Igwar wancan zamani ba a zuba mata albarushi tsirara. Ana auna shi a ƙulle a 'yar jakar ƙyalle, a tura jakar cikin bututu da sanda, a bi ta da dunƙulen ƙarfe, a huda jakar ta wani ɗan rami a sama, sannan a kunna. Harbi ɗaya, jaka ɗaya. Albarushi akwai, jaka ce babu, kamar 700 kawai gare su. Sai aka zaunar da mutane suna ɗinki da riguna da safa, kuma allura shida ce a duk ganuwar. Allura shida, jama'a. Dole ya rage igwogin da ke harbi zuwa shida. Manyan igwoginsa kuma suna can saman bene a fili, ya hana a hau don kada a ƙarar masa da 'yan mutanensa, saboda haka da na ƙasa ya yi faɗa, su kuwa ba sa ɓarna sosai.

Su 'yan tawayen dabara suka yi: su gasa dunƙulen ƙarfe a tanda har ya yi ja, sannan su harba. Bulo ba ya cin wuta, amma barikin cikin ganuwar akwai katako. Rana ta biyu gobara ta tashi, ta doshi ɗakin albarushi, har sojoji suka riƙa jefa gangunan a teku. Abinci kuma saura naman alade mai gishiri da ruwa. Bayan awa 34 da harbi sama da 3,000 Anderson ya sallama. Kuma a duk wannan ba a kashe kowa ba. Sai wajen harbin ban-kwana da tuta ne albarushi ya fashe ya kashe wani soja, Daniel Hough. Yaƙin da ya ci rai sama da 600,000, da haɗari ya fara zubar da jini. Lincoln ya nemi 'yan sa-kai 75,000, jihohi huɗu suka ƙara ɓallewa, ciki har da Virginia.

Na nawa muke? To, ko na nawa ne, Robert Smalls. Bawa ne, matuƙin wani jirgin tururi na 'yan tawaye mai suna Planter. Daren 13 ga Mayu 1862 hafsoshi fararen fata suka tafi kwana gida. Ya sa aka hura wuta, ya ɗauko iyalinsa da na abokan aikinsa, ya kifa malafar kyaftin a ka, ya wuce ta gindin Sumter ɗin nan yana busa usur ɗin da masu gadi suka sani. Da ya fita inda igwa za ta kai, ya sauke tutarsu ya ɗaga farin zanen gado, ya miƙa jirgin da igwogin cikinsa ga sojan ruwan tarayya. Daga baya ya zama ɗan majalisar tarayya, ya kuma sayi gidan ubangidansa a Beaufort.

Ana nuna mini agogo. A gurguje: Janar Sherman na sojan tarayya ya shigo jihar a farkon 1865, babban birninta Columbia ya ƙone ranar 17 ga Fabrairu, a daren kuma 'yan tawaye suka fice daga Charleston. Wa ya ƙone Columbia, har yau ana musu, ga audugar da aka tara a titi, ga iska, ga sojoji da giya... Na ga hannu. Bismillah.

(Wata ɗaliba: Malam, a cikin sojojin baƙar fata akwai wanda ya fito daga ƙasarmu?)

Allah ya yi miki albarka, akwai. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda suka sani da Nicholas Said. Haifaffen Kukawa ne a Borno, ɗan Barka Gana, babban jarumin Shehu al-Kanemi. An kama shi yana yaro, aka ƙetara hamada da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, inda ya sami 'yanci. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, ya kai saje, kuma a tsibiran bakin Charleston aka girke rundunar. Ita ce ta shiga birnin da fareti ranar 21 ga Fabrairun 1865. Bayan yaƙi ya yi koyarwa a kudu, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873, amma bai ambaci aikin sojan a ciki ba. Ku tuna a kudu yake zaune, a kudu yake neman masu saye. An kira salla, sai mu tashi.