Mu Gaya Wa Juna Gaskiyar Aikin Da Muke Yi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi. Na san akwai waɗanda daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba, akwai kuma waɗanda da an shafa fatiha wurin aiki za su nufa. Allah Ya saka da alheri.

An ce in yi magana kan neman abinci a ƙasar nan ta Birtaniya. Zan fara da wani dare a ƙarshen 2010. Shekara bakwai na yi ina koyarwa a sakandare a Zariya kafin in zo Manchesta karatu. Bizar ɗalibi awa 20 ta yarje mini a mako, sai na samu aikin dare biyu a wani katafaren sito a Trafford Park, daga goma na dare zuwa shida na safe, fam 5.93 a awa. Kwali za ka cika, ka liƙe, ka tura, ga na'ura a hannunka tana ƙirga abin da ka yi. Wajen ƙarfe biyu aka ba mu hutu, ina zaune da kofin shayi ƙafafuna na zogi, sai na ji wani a bayana yana aika saƙon murya: "Inna, a ci gaba da yi mini addu'a." Ina waiwayawa na ga mutumin da muka yi watanni muna sahu ɗaya ran Juma'a. Shi ya ce mini a ofis yake aiki, ni kuma na ce masa bincike nake yi a jami'a.

Mun ɗan yi shiru. Daga baya ya ce in nuna masa takardar albashina. Ya sa yatsa a kan lambar haraji ya ce, "Malam, wannan ba taka ba ce, cirar ka ake yi fiye da ƙima." Ya gaya mini inda zan buga waya, kuma kuɗin suka dawo. Wata huɗu ana zaftare mini gumina, alhali wanda ya san maganin yana kusa da ni a masallaci. Kunya ce kawai ta shiga tsakaninmu.

Wannan kunyar nake so mu ajiye yau. Ku dubi zauren nan. Ga likitan da ya sake zama jarrabawar PLAB ta samun izinin aikin likita a nan bayan ya yi shekaru yana duba marasa lafiya a gida. Ga malaman jinya, ga direbobin bas da na tasi, ga masu gadi da lasin hukumar aikin gadi ta SIA a damtse, ga masu aikin kwamfuta, ga iyayenmu mata da ke dafa tuwo da waina don biki da suna. Kowa halaliyarsa yake ci. To me ya sa in an tambayi wasunmu sai su ce "muna nan dai muna bugawa"?

Ni yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ina faɗa da bakina a gaban kowa. Akwai wani dattijo da mantuwar tsufa ta kama, kullum da safe ni ke yi masa aski, in canja masa kaya, in ba shi abinci a baki. Matarsa ta daɗe da rasuwa, amma kowace safiya sai ya tambaye ni ko ta dawo daga kasuwa. Ranar da zai cika, hannuna ya riƙe. Da mahaifina na yi wa haka a Tudun Wada, ɗan albarka za a kira ni. Aiki ne mai nauyi, baya yana ciwo, wani lokaci a zage ka, amma ban taɓa ganin abin ɓoyewa a cikinsa ba.

Ɓoyewar da muke yi kuwa tana cutar da na gida. Tun da aka buɗe bizar wannan aiki ga 'yan ƙasashen waje a Fabrairun 2022, mun ga ƙannenmu sun sayar da fili, wasu da gonar gado, sun miƙa wa dillalai miliyoyin naira don takardar ɗaukar nauyi da kamfani ke bayarwa kafin a samu biza, takardar da ba ta sayarwa ba ce. Wasu suka sauka suka tarar babu aikin, ko awoyin da ake ba su ko kuɗin haya ba sa biya. Gwamnati ta soke lasin ɗaukar nauyi na kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024, kuma wanda aka soke wa mai ɗaukar nauyinsa kwana 60 ake ba shi ya samo wani. A Maris 2024 aka hana zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Duk wanda ya ce wa ƙaninka a Kano ko Maraɗi ya kawo kuɗi zai samo masa wannan biza yanzu, damfara ce. Amma yaya ƙanin zai sani, in hotunanmu a Facebook kawai yake gani, ga dusar ƙanƙara ga sabuwar riga?

Akwai abubuwan da ya kamata kowane baƙo ya ji a makonsa na farko. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, kuma kowace Afrilu ake sabunta shi. In aikinka ya wuce awa 6 kana da hutun minti 20. Mai aikin kwana biyar a mako yana da hutun kwana 28 a shekara, da albashinsa. In aka zalunce ka akwai hukumar ACAS da ke shiga tsakani kyauta, sai dai ƙarar ma'aikaci tana da wa'adi gajere, kada ka zauna kana cewa "na bar shi da Allah" har lokaci ya ƙure. Ka bar shi da Allah, ka kuma ajiye takardunka.

Sai maganar salla. A Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskarka. Na daɗe ina laɓewa bayan tarin kwali ina sauri kamar mai laifi. Ranar da na yi wa shugabar sashenmu bayani, ta raba mini hutuna gida biyu ta nuna mini ɗaki. Matambayi ba ya ɓata.

Kakanninmu fatake da suka bi goro har Salaga da Kumasi, in sun sauka zango akwai maigida. Shi ke ba baƙo masauki, ya gaya masa farashin kasuwa, ya nuna masa dillalin kirki da wanda zai guda. Aikin da nake roƙon wannan ƙungiya ta ɗauka ke nan.

Na ajiye takarda a tebur kusa da ƙofa. Kafin ka fita, rubuta sunanka da ainihin aikin da kake yi, ba wanda ake faɗa a gida ba, da ko za ka iya amsa wayar baƙo. Nawa sunan yana layin farko. Ranka ya daɗe shugaba, ina kuma roƙon a taro na gaba a ware rabin awa kafin abinci, duk mai shakka ya zo da takardar albashinsa mu duba tare.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.