Sauya Kamfanin Layi Ba Tare da Rasa Lamba Ba

Malam Auwalu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga birnin Kano. Yau ni da Hajiya Rabi za mu duba batun sauya kamfanin layin waya, wanda ya ƙara shiga bakin jama'a tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina abin da ya fi ɗaure mutane a kan layin da ba ya yi musu aiki shi ne tsoron rasa lamba, domin ta nan alat ɗin banki yake shigowa, ita abokan ciniki suka haddace, wani ma ya rubuta ta a allon shagonsa a Kantin Kwari. Alhali kuwa tun watan Afrilun 2013 aka ba kowa damar komawa wani kamfanin da lambarsa.

Malam Auwalu: To, Hajiya, ta ina ake farawa?

Hajiya Rabi: Ofishin kamfanin da mutum yake son komawa zai je da kansa, riƙe da lambarsa ta NIN, ya cike fom, sannan ya tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin. Za a ba shi sabon sim, kuma a ƙa'ida aikin ba ya wuce awa 48. Sai dai ina jan hankalin 'yan uwana mata, saboda da yawa daga cikinmu muna riƙe da layin da aka yi wa rajista da sunan maigida ko ƙani, kuma muddin sunan bai dace da na wanda ya zo ba, ba za a amince ba. Katin da ya rage da data ba sa bin mutum, don haka gara ya cinye su, ya kuma biya bashin da ya ranta kafin ya tafi.

Malam Auwalu: Ni kuma ƙarfin sabis ne damuwata, domin ba a auna shi da talla. Kamfanin da yake gudu a Hotoro yana iya yin rarrafe a Dorayi, kuma a cikin gida ɗaya ma tsakar gida daban, ƙuryar ɗaki daban. Duk mai shiga kasuwa ya saba ganin mai POS ya fito daga ƙasan bene yana ɗaga na'urarsa sama, kwastoma na tsaye yana jira, kuɗinsa sun fita amma ba su isa ba. Kaurin siminti da cinkoson mutane a kan turken sabis ɗaya su ne ke jawo wannan. Shawarata ita ce a sa sim na biyu a gwada shi a gida da wajen sana'a, musamman bayan sallar Isha'i lokacin da kowa ya hau intanet, kafin a taɓa babbar lambar.

Hajiya Rabi: Na yarda da gwajin, amma ban yarda a zauna da layi biyu har abada ba, saboda raba kuɗin data gida biyu yakan hana mutum sayen babban tsarin da ya fi sauƙi. Tun 2023 gajerun lambobin da ake dannawa sun zama iri ɗaya a MTN da Airtel da Glo, wato *312# don sayen data, *323# don duba saura, saboda haka kwatantawa ba ta da wuya. A duba wa'adin ƙarewa, a kuma duba ko rabin datar ta tsakar dare ce kawai.

Malam Auwalu: Haka ma fasahar intanet mai sauri ta 5G, wadda MTN ta kawo Kano a 2022, ba za ta amfani wanda wayarsa ba ta ɗaukarta ba. Idan kuma an riƙe wa mutum sauyin ba bisa dalili ba, ya fara kai ƙorafi ga kamfanin ta hanyar kiran 300, in bai samu biyan buƙata ba ya kira NCC kyauta a 622.