Idan Kayan da Ka Aika Ƙasar Waje Suka Ɓace, Wa Zai Biya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da ke zaune a nan gaba, da 'yan'uwana 'yan kasuwa maza da mata, musamman waɗanda suka rufe shagunansu domin su halarci wannan zama.

Zan fara da abin da ya faru da ni. A shekarun baya na aika huluna ashirin ga wani bawan Allah da ke zaune a Ingila, dukansu ɗinkin hannu ne, na wanke su da kaina, na buga, na jera su ɗaya cikin ɗaya a kwali. Da na je cike takarda, sai ma'aikacin kamfanin aiken ya ba ni shawarar in rubuta kuɗi kaɗan domin kada kwastan su tsauwala wa mai saye haraji, ni kuwa na ga kamar taimako ne, na rubuta dala 50. Kwalin bai isa ba har yau. Na mayar wa mai saye kuɗinsa cif, domin haƙƙinsa ne, amma da na nemi diyya sai aka ɗauko takardar da na sa wa hannu aka nuna mini.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kamfanin sufuri ba ya biyan diyya da darajar kaya, da nauyi yake biya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi kayan da ake ɗauka a jirgin sama tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana cikinta, ta ƙayyade iyakar abin da za a biya a kan kowane kilo. Ana lissafin ne da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, kuma tun ƙarshen Disamban 2024 iyakar ta zama SDR 26 a kilo, wato kimanin dala 35. Ku duba da kyau: mai aika buhun gari da mai aika jakar fata ta Kano wadda aka yi sati biyu ana ɗinkinta, idan nauyinsu ɗaya ne, diyyarsu ɗaya ce a idon wannan doka. Kayanmu kuwa, hula da turare da ɗinkakkiyar shadda, duk marasa nauyi ne masu tsada, saboda haka mu ne wannan lissafin ya fi cuta. Mafitar tana cikin yarjejeniyar kanta: mai aikawa ya bayyana ainihin darajar kayan tun lokacin miƙawa, ya biya ɗan ƙarin kuɗi, sai kamfanin ya ɗauki nauyin wannan adadi. Manyan kamfanoni irin su DHL suna sayar da wannan kariya, sai dai ba za su ba ka ba sai ka nema. Ni a ganina, kuɗin inshorar nan a zuba shi cikin farashin kaya tun farko, kamar yadda ake zuba kuɗin kwali da salatif.

Gidan waya ma yana da nasa tsari. NIPOST tana aiki ne ƙarƙashin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na Switzerland a 1874, kuma a ƙa'idarta wata shida ne ake ba mai aikawa ya shigar da buƙatar bincike. Saƙon da aka yi wa rajista yana da lambar bibiya da ƙayyadaddiyar diyya, wasiƙa ko ƙaramin ƙunshin da ba a yi wa ba kuwa, idan ya ɓace, sai haƙuri.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen masu kago, wato dillalan da ke karɓar kayan mutane su aika a jirgi. Da yawanmu ta hannunsu muke aike domin sauƙin farashi, kuma akwai masu amana a cikinsu. To amma mai kago yana tara kayan mutum talatin ne ya aika da sunansa shi kaɗai, don haka kamfanin jirgin bai san ka ba, ba ka da bakin magana a gabansa. Hajiya, idan duk abin da ke hannunki saƙon murya ne na WhatsApp mai cewa "kaya sun tafi", ba ki da hujja. Ki karɓi webil, wato takardar shaidar aika kaya, mai ɗauke da sunanki da nauyin kayan da darajarsu, ki kuma tambayi mai kagon baki da baki nawa zai biya idan suka ɓace, ya rubuta ya sa hannu. Alƙur'ani ma ya umarce mu da rubuta bashi a aya mafi tsawo ta Suratul Baƙara, ballantana dukiyar da za ta ƙetare teku.

Masu sayarwa ta eBay ko masu karɓar kuɗi ta PayPal su sani cewa takardar da ke nuna ka aika ba ta wadatar ba, shaidar isar kaya ake nema. PayPal yana ba mai saye har kwana 180 ya shigar da ƙorafi, eBay kuma yana neman sa hannun mai karɓa idan cinikin ya kai dala 750. Saboda haka kada a yar da rasit da zarar mai saye ya yi shiru. A ɗauki bidiyon kayan ana shirya su, da hoton kwalin a kan sikeli, a adana aƙalla wata shida.

Sannan ba duk kayan da aka ce sun ɓace ba ne suka ɓace. Da yawa suna tsare a hannun kwastan. Kilishi, duk daɗinsa, Amurka da Ingila ba sa barin irin wannan nama ya shiga daga nan, kuma inshora ba ta biyan abin da hukuma ta ƙwace. Turare na ruwa mai sinadarin da ke kama wuta yana da nasa ƙa'idoji a jirgi. Dokokin haraji ma sun canja: Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT a kan ƙananan kaya tun 1 ga Yulin 2021, Amurka kuma ta janye rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba daga 29 ga Agustan 2025. Idan mai saye bai san zai biya haraji ba, yakan ƙi karɓa, kayan su yi ta zama a sito har a dawo da su a kan kuɗinka ko a lalata su. Don haka kafin ka karɓi ko kwabo, ku daddale a rubuce wanda zai biya kwastan, ka kuma sa lambar wayar mai karɓa da adireshinsa na imel a jikin takardar, domin ta nan ake nemansa idan kaya suka tsaya.