Kuɗin zaman rashin aiki a Ingila bayan jinyar shaye-shaye ko ta ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da 'yan uwa maza da mata, Allah ya saka da alheri da kuka fito duk da sanyin nan. Maganar yau ba ta da daɗin ji amma tana cikin gidajenmu, yaro ya faɗa ƙwaya ko giya, ko uwar gida damuwa ta kwantar da ita har aiki ya kuɓuce, an yi jinya an samu sauƙi sai kuma a zauna ba ko sisi, ana tsammanin gwamnati ba za ta kalli mutum ba tunda an taɓa kai shi gidan gyaran hali. Ba haka dokar take ba.

Kafin komai ka duba bizarka. Idan an rubuta maka cewa ba ka da damar cin kuɗin gwamnati, kamar ɗalibai da masu bizar aiki ko ta kula da tsofaffi, to kar ka kusanci Universal Credit, wato tallafin da gwamnati ke ba marar aiki ko mai ƙaramin ƙarfi, neman sa kawai zai iya ɓata maka takardun zama. Amma akwai wasu kuɗaɗen tallafi guda biyu da ba sa cikin wannan haramcin saboda daga gumin ka aka tara su, New Style JSA da New Style ESA. Su sharaɗinsu shi ne an riƙa cire maka National Insurance, wato kuɗin inshorar gwamnati, a albashi cikin shekara biyu zuwa uku da suka wuce. JSA na mai lafiyar neman aiki ne, iyakarsa kwana 182. ESA kuma na wanda har yanzu jikin bai ba shi dama ba. Mai bizar aiki da aka sallama yana da wata damuwar daban, galibi kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗauka, wannan sai an zauna da lauyan shige da fice.

To ga mai cikakkun takardu, Universal Credit. Idan ajiyarka ta haura fam 16,000 ba ka ciki, daga fam 6,000 kuma sai a fara rage maka, kuma da kuɗin matarka ko mijinki ake lissafin. Kuɗin farko sai bayan sati biyar, za a iya ba ka wani abu kafin lokacin amma bashi ne, a hankali za su cire abinsu.

Yanzu inda nake so mu tsaya. Idan ka je Jobcentre, ofishin gwamnati na masu neman aiki, za a haɗa ka da jami'i, ku yi yarjejeniyar neman aiki, mai lafiya ana iya ɗora masa har awa 35 a sati yana cike takardu. Namu ya je an tambaye shi akwai wata larura, sai ya ce lafiya lau alhamdulillah, saboda kunya, alhali jiya jiya aka sallamo shi. Sati uku ya kasa tashi daga gado, ya ƙi zuwa ganawa, a yanke masa kuɗi. Jama'a ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Doka ta ce wanda yake cikin tsararren shirin jinyar barin ƙwaya ko giya za a iya ɗage masa wajabcin neman aiki har wata shida yana karɓar kuɗinsa. Wanda yake kwance a asibiti ko gidan gyaran hali ma ana ɗaukarsa a wanda ba zai iya aiki ba. Amma fa sai ka faɗa, kuma sai da takarda. Kwana bakwai na farko maganarka ta wadatar, bayan nan sai takardar likita, fit note, kuma tun 2022 ba likitan unguwa (GP) kaɗai ke bayarwa ba, har nas da mai harhaɗa magani da ke kula da kai.

Wani Alhaji ya ce min to ai shi ɗansa da kansa ya ajiye aikin. Eh, barin aiki da gangan ba hujja yana jawo a riƙe kuɗi kwana 91, amma rashin lafiya hujja ce, wanda ya bar aiki don ya shiga jinya ya kawo wasiƙar asibitin mai kwanan wata, kar ya tsaya bayanin baki. Nan da nan ma ba na son a ajiye aiki, ma'aikaci yana da kuɗin jinya daga wurin aikinsa har sati 28. Dokar daidaito ta 2010 ba ta lissafa shaye-shaye kansa a nakasa ba, amma ciwon damuwa da ya daɗe yana iya shiga, ko da shaye-shayen ne ya haifar da shi.

Idan ciwon ya ja lokaci hukumar da ke biyan tallafin za ta aiko fom na tantance ƙarfin aiki. Ku rubuta yadda mutum yake a ranar da abin ya motsa, ba ya wanka, ba ya iya shiga bas, ba ya ɗaga waya. Ni a ganina uwa ko mata ta fi mara lafiyar iya faɗin wannan, a zauna tare a cike. In sun ƙi yarda cewa ba zai iya aiki ba, kuna da wata ɗaya ku ce a sake dubawa, in sun sake ƙi akwai kotun ƙararraki, kuma ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice suna taimakawa kyauta.

Lokacin sallah ya matso, bayan mun idar masu tambaya su rubuta a takarda ba sai da suna ba, mata kuma su miƙa wa Hajiya a can baya.